Kaka Ta Rusa Gidanmu

A Zongon Lome babu wanda bai san Abdel ba, don Abdel bai bar wa kowa damar rashin saninsa ba. Aikinsa na gaskiya shi ne ya ɗauki takardu daga ofishin wani mai fitar da kaya a tashar jirgin ruwa, ya kai su wani ofishin, ya tsaya a layi, ya dawo. Amma in ka tambaye shi sai ya gyara wuyan riga ya ce maka shi ke riƙe da tashar, kuma ranar da ya yi mura jirage a teku suke tsayawa suna jiransa. Ya yi makarantar faransanci har ya gaji da ita, ko kuma ita ta gaji da shi, ya danganta da wanda ka tambaya. Littafi kuwa, rabonsa da buɗe wani tun ranar da ya fita daga ƙofar makarantar, kuma ko a lokacin hotunan ciki yake dubawa.

To wannan mutumin ne ya faɗa son Nafissatou.

Nafissatou mai karatu ce irin na da, wato ta zauna wuri ɗaya, ta buɗe littafi daga farko, ta bi shi har ƙarshe ba tare da ta sanar da duniya ba. Tana aiki a wani kantin magani a Kodjoviakopé. In ta dawo gida ta karanta na faransanci don kanta, ta karanta na Hausa da direbobi ke kawowa daga Kano don kakarta, Hajiya Asibi. Hajiyar ce ta rene ta, ita ta tura ta Kano wurin goggonta tana ƙarama har ta iya bokon Hausa, kuma ita ce mai cewa e ko a'a a gidan. Kawunnan Nafissatou duk masu gemu ne, amma in Hajiya ta yi gyaran murya gemun ba ya amfana musu komai. Duk mai son auren Nafissatou sai Hajiya Asibi ta ce ta yarda, kuma ta riga ta faɗi ra'ayinta a kan Abdel a taƙaice: "Yaron nan bakinsa ya fi kansa nauyi."

Ita dai Nafissatou tana son sa, Allah kaɗai ya san dalili. Ta ce yana ba ta dariya. Don haka ta ba shi shawara mai sauƙi.

"Abdel, ka karanta littafi guda, ka zo ka zauna da Kaka ku yi hirarsa. Wallahi in ta ga kana karatu za ta sauko."

"Guda?" Abdel ya dafe ƙirji. "Ma chérie, kin raina ni. Ki ba ni ɗan lokaci, Zongo duka zai san wane ne mai karatu a garin nan. Hajiya da kanta za ta aiko a kira ni."

Washegari da safe ya sauka a teburin abokinsa Mamadou mai shayi, ya cusa masa waya a hanci. A cikin wayar wata yarinya ce 'yar Abijan zaune gaban kantar littattafai masu launi-launi, ta ɗaga ɗaya tana sharɓar kuka.

"Duba nan, mon frère. Ba abin da take yi sai ɗaga littafi da kuka, amma masu bin ta a TikTok sun fi mutanen babbar kasuwa yawa. Karatu ya canza. Yanzu ba ido ake sa wa littafi ba, kyamara ake sa masa."

Mamadou ya ci gaba da kaɗa madara. "To ita ta karanta kafin ta yi kukan?"

"Wa ya tambaye ta? Kai matsalarka ke nan, tunanin tsofaffi. Nafissatou ta karanta littattafai sun fi ɗari, wa ya san ta? Ni zan ɗaga ɗari kafin ta gama ɗaya."

"Allah ya ba da sa'a. Burodin da man shanu ko gaya?"

Abdel ya tafi wurin masu shimfiɗa tsofaffin littattafai a gefen titi. Mai littattafan ya tambaye shi na soyayya yake so ko na tarihi. Abdel ya ce ja yake so, da shuɗi, da ɗan ruwan ɗorawa don ya haska fuska. Mutumin ya dube shi sama da ƙasa, ya gane irin cinikin da Allah ya kawo masa, ya tattaro duk abin da ya shekara yana shan rana ba mai so ya cika masa buhu. Abdel ya ɗora a kan zemijan, babur ɗin haya, ya shigo Zongo yana ɗaga wa mutane hannu kamar wanda ya dawo daga aikin hajji. A ɗaki ya jera katako a kan bulo, ya shirya littattafan launi-launi, ya sayo zagayayyiyar fitila irin ta masu bidiyo, da tabarau marar magani. Ya raɗa wa kansa suna Le Grand Lecteur du Zongo, wato babban makarancin Zongo.

Bidiyon farko na kuka ne, tunda kukan ne ke ja. Ya zaro wani jan littafi, ya zauna, ya matse fuska, hawaye suka ce ba su san zancen ba. Ya tuna rasuwar kakansa, shiru. Ya tuna ranar da aka sace masa waya, ido ya ɗan yi ja, ya bushe. Sai ya buɗe gwangwanin man zafi, ya lakato da yatsa, ya shafa a ƙarƙashin ido. Da ya ga bai ji komai ba ya ƙara, wannan karon har ciki.

Ihun da ya yi sai da ya tashi tantabarun gidan maƙwabta. Meimuna mai koko, wadda ɗakinta ke jikin nasa, ta zaci gobara ce, ta faɗo ɗakin da bokiti ta watsa masa ruwan wankin ƙwarya daga kai har ƙafa. Abdel ya miƙe a makance ya yi karo da katakon, littattafan suka zubo masa a ka, ja da shuɗi da ruwan ɗorawa.

"Wa ya mutu?" in ji Meimuna.

"Ba wanda ya mutu! Karatu nake yi!"

"Karatu? Ni dai na ga masu karatu, ban taɓa ganin wanda littafi ya ciza ba."

Duk da haka ya saki bidiyon, ya ce wannan shi ake kira émotion, wato taɓa zuciya. Abin da bai duba ba shi ne sunan jan littafin da ya rungume yana kuka: littafin koyon dokokin tuƙi ne. Kafin azahar sharhi ya cika. Wani ya tambaya a wane shataletale jarumin ya mutu. Wata ta ce ita ma babin jar danja ya taɓa mata zuciya. Abdel ya nuna wa Mamadou yawan mutanen da suka kalla, ido a kumbure kamar wanda zuma ta harba.

"Dariya suke maka," in ji Mamadou.

"Mai dariya ma abonné ne, mai bina ne. Lamba ba ta san dariya da kuka ba."

Bidiyo na biyu a bakin teku ya shirya shi, don ya ga ana yayin karatu a gaban ruwa cikin fararen kaya. Ya ja Mamadou har Baguida ya riƙe masa waya. Ya sa farar shadda, ya juya wa teku baya, ya buɗe wani shuɗin littafi. Masunta suna jan taru, suka yi masa magana da yaren Mina cewa ya matsa daga wurin. Ya amsa musu da faransanci cewa aikin wayar da kai yake yi. Mamadou ya hango abin da ke tahowa, ya ja da baya, amma bai daina ɗauka ba, don ba a ce masa ya daina ba. Igiyar ruwa ta zo ta kwashe ƙafafun Grand Lecteur, ta tafi da littafin da takalmi ƙafa ɗaya, ta mirgina shi cikin tarun. Masuntan suka jawo shi tare da kifin. Babbansu ya dube shi yana tari yana fitar da yashi, ya ce, "Tso! Wannan ko kyauta ba mai karɓa."

Wannan bidiyon ya fi na farko tafiya. Abdel ya fara tafiya a Zongo da littafi a hammata, yana gaisawa da yatsu biyu.

Nafissatou ta tare shi a ƙofar kantin magani, ranta a ɓace. "Abdel, don Allah ka daina. Kaka ba ta da wayar kallo, amma Meimuna ta kai mata labari har da kwaikwayon ihun. Kuma faransanci bai dame ta ba. Littafin Hausa take so. Ga Alassani direba nan ya taso daga Kano, na ce ya taho mata da sabo. In ya iso ka zo ka zauna in karanta, ka saurara kawai. Ka iya saurare?"

Abdel ya ji rabin maganar, rabin da ya yi masa daɗi. Ranar da Alassani ya iso ya tsaya shan shayi a teburin Mamadou, Abdel na nan yana jira. Ya ce Nafissatou ce ta aiko shi karɓar saƙon. Alassani ya zaro littafin, sabo fil a cikin ledarsa, ya miƙa masa.

"Littafin nan ya yi kyau," in ji Alassani. "Yarona ya sayi nasa, ya karanta mana a hanya. Labarin wani mutum ne da..."

"Kai, kai, kai! Kada ka ɓata min labari. Mu masu karatu ba ma son haka."

A nan sai an yi ɗan bayani. Samarin Zongo da suka yi makarantar faransanci suna jin Hausa kamar kowa, da ita suke ciniki, da ita suke zagi. Amma in za su rubuta ta a waya, da haruffan faransanci suke rubutawa. Inda Bakano zai sa c ɗaya, su sai sun jera t da c da h. Ita c tsurarta kuwa, yadda malamin makaranta ya koya musu da bulala, in ta zo gaban a to k ce, kamar a café, in ta zo gaban i kuma s ce. A bangon littafin an rubuta da manyan haruffa CACA TA RUSA GIDANMU, labarin magidancin da karta ta cinye. A ƙasan rubutun an zana gidan da ya zube, da wata tsohuwa ta ɗora hannu a ka, uwar mutumin ce tana kukan ɗanta. Abdel ya gyara tabarau ya karanta da ƙarfi.

"Kaka Ta Rusa Gidanmu. Allahu akbar! Ga ta nan ma an zana ta. Dubi idonta, mon frère, wannan tsohuwar muguwa ce."

Alassani ya tafi sallah a lokacin, da ya ji da ya gyara masa. Mamadou kuwa shi ma ɗan makarantar faransanci ne, ya leƙa bangon ya taɓe baki. "Ni abin da na gani ya fi kama da kalmar nan ta kashin yara a faransanci."

"Jahilci! Wannan Hausar Kano ce, mai zurfi. Kaka ce."

"To ko da kakar ce, littafin da ke zagin kaka za ka kai wa Hajiya Asibi?"

"A nan hikimar take. Zan nuna mata muguwar kaka, sannan in juyo in ce amma tamu ba haka take ba. Kuka za ta yi, ta ba ni Nafissatou nan take. Kuma en direct zan yi, kai tsaye, duniya na kallo."

"Ka buɗe ka karanta tukuna."

"Bango ya gaya min komai. Ciki ai maimaici ne."

Ya baza sanarwa a waya cewa ranar Asabar bayan la'asar Grand Lecteur zai yi sharhin sabon littafin Kano a ƙofar gidan Hajiya Asibi, kuma Hajiya ce babbar baƙuwa. Ya ɗauko hayar kujerun roba. Ya nannaɗe littafin a cikin ƙyallen karan-miski, don ya ga masu yayin suna ɓoye littafi sai an taru su yaye. Nafissatou ta roƙe shi ya nuna mata, ya ce surprise ce, wato ba-zata. Ta tambaye shi ko ya karanta, ya ce har sau biyu. Ta yi murna, baiwar Allah, ta je ta lallashi kakarta har ta yarda za ta fito.

Ranar Asabar layin ya cika. Ba don karatu aka zo ba, kowa ya zo ganin abin da zai faɗo wa Abdel a ka wannan karon. Meimuna ta kama kujerar gaba. Kawunnan Nafissatou suka jeru da gemunsu. Hajiya Asibi ta fito cikin mayafi mai ruwan toka, da carbi a hannu, ta zauna a kujerar da aka shimfiɗa wa darduma, Nafissatou a tsaye a bayanta. Mamadou ya kafa waya a gaban fitila.

"Mes abonnés, salamu alaikum! Yau Grand Lecteur ya kawo muku littafin da ya hana ni cin abinci. Na karanta na yi kuka, na sake karantawa na sake kuka." Ya fizge ƙyallen, ya ɗaga littafin wajen kyamara, bayansa ga jama'a. "Kaka Ta Rusa Gidanmu!"

Carbin Hajiya ya tsaya. Nafissatou ta miƙa wuya ta ga bangon, amma Abdel ya riga ya rungume shi a ƙirji yana zagaya fili.

"Labarin wata tsohuwa ce, jama'a. Muguwa! Gida na zaune lafiya, ita ta hana kowa sakat."

Daga nan labari ya ƙare masa, don iyakar abin da bango ya ba shi ke nan. Amma fitila na haska shi, lambar masu kallo na hawa, kuma bakin Abdel bai taɓa tsayawa don kai ya rasa abin faɗa ba. Yana buƙatar halayen tsohuwa, kuma tsohuwa ɗaya ya sani ciki da waje, wadda Nafissatou ta sha ba shi labarinta a asirce, cikin raha da ƙauna. Sai ya buɗe wannan rumbun.

"Wannan kakar, makullin sito a bakin zanenta yake, a kansa take kwana. In ka zo neman abu a wurinta sai ta zama kurma, amma yi raɗa a bayan gida ka gani, har abin da ba ka faɗa ba ta ji. Ta riƙe carbi kamar tana tasbihi, ashe kunnenta na ɗakin surukai!"

Wani daga baya ya tuntsire da dariya ya toshe baki. Meimuna ta juya ta dubi bakin zanen Hajiya, inda makulli ke leƙowa. Duk layin ya bi ta da kallo.

"Naman layya kuwa, ta soye shi ta ɓoye a gwangwani ƙarƙashin gado, tana ci ɗaya-ɗaya har wata layyar ta zagayo! Da me take taunawa? Da haƙoran da take cirewa ta sa a kofi!"

"Abdel!" in ji Nafissatou.

"Bari, ma chérie, yanzu zan zo wurin daɗin." Ya leƙa waya. Bidiyon ya kai har Kano, sharhi na zubowa kamar ruwan famfo, kuma kusan duk kalma ɗaya suke rubutawa: Malam, caca ce. Caca. CACA. Abdel ya yi tsalle.

"Kun gani? Mutanen Kano da kansu sun shaida! Ga shi nan suna ta rubutawa, kaka ce, kaka, kaka! Wani ma har ya sa hoton karta, wato kakar har karta take yi. Merci, Kano!"

Ya juyo wurin Hajiya da murmushi, ya buɗe baki zai ce amma tamu ba haka take ba. Hajiya ta riga shi.

"Yaro."

"Na'am, Hajiya."

"Duk wannan a cikin littafin yake? Har da kofin?"

"Har da shi, Hajiya. Marubucin gwani ne."

"To buɗe min wurin kofin ka karanta in ji."

Abdel ya kai hannu zai buɗe, littafi ya ƙi buɗuwa. Ledar da aka liƙe shi da ita tun daga Kano tana nan yadda take, tana ƙyalli a hasken fitila.

"Ikon Allah," in ji Meimuna. "Ta cikin leda ya karanta. Har sau biyu."

"Wancan da na karanta daban ne, wannan na nuni ne!" Ya sa haƙori ya yage ledar, ya buɗe tsakiya, gumi na ɗiga daga tabarau marar magani. Haruffa suka yi masa cincirindo, ga wasu masu ƙugiya a ka da bai taɓa gani ba. Ya sa yatsa ya fara bi, kalma-kalma, kamar mai tsallaka kwata.

"Tun... ranar da Baba... ya fara... kaka..."

"Ya fara me?" in ji babban kawu.

"Ya fara kaka. Salon magana ne. Ya sayar da... babur... ya kai wurin kaka. Kullum... sai ya kwana... yana buga kaka."

Mata suka ɗauki salati. "Buga kaka? Uwar ubansa?"

"Har... kaka ta... sinye shi... ƙurmus."

"To ai gara da ta cinye shi," in ji Meimuna, "tunda dukanta yake yi."

Nafissatou ta tako ta zare littafin daga hannunsa. Ta dubi bangon. Sannan ta ɗaga littafin sama yadda kowa zai gani.

"Caca," ta ce. "Caca Ta Rusa Gidanmu. Karta, Abdel. Babu kaka a ciki."

Layin ya fashe da dariya. Alassani direba, wanda ya iso ana tsakiyar abin, ya zauna a ƙasa yana buga cinya. Babban kawu ya cusa gemu a cikin riga don kada uwarsa ta ga yana dariya. Mamadou ya ce daga bayan waya, "Da ka bi tawa fassarar ma da abin ya zo da sauƙi." Nafissatou kaɗai ba ta yi dariya ba. Abin da ta faɗa wa mutumin nan ita da shi, a kan tsohuwar da ta goya ta, shi ne ya zuba a titi har Kano ta ji, don lambar waya ta hau. Kunya ta kama ta, baƙin ciki ya fi kunyar.

Don ta kawar da idon mutane daga kan kakarta, ta buɗe shafin farko ta fara karantawa yadda aka rubuta. Labarin wani tela ne mai rufin asiri, da ranar da abokinsa ya ja shi bayan tasha ya ce zo ka kalla kawai, ba sai ka yi ba. Kafin ta kai ƙarshen shafin dariya ta mutu. Har masu riƙe da waya sun sauke hannu. Da ta tsaya, Meimuna ta ce, "To ya aka yi? Ya zauna?"

"Ku kwaso kujerun ku shigo ciki," in ji Hajiya Asibi. "Ba a karatu a titi kamar tallan magani."

Jama'a suka ɗauki kujerun da Abdel ya yi haya, kowa da tasa a ka, suka bi ta soro. Abdel ya ga fili na washewa, ya ruga ya durƙusa a gaban Hajiya, tabarau a karkace.

"Hajiya, wasa ne! Wasan jika da kaka ne, al'ada ce!"

"Jika? Uwarka na haifa ko ubanka?"

"A'a, amma ai... nan gaba kaɗan... in Allah ya yarda, ni da Nafissatou..." Ya juya. "Nafi, gaya mata yadda nake."

"Ta gani," in ji Nafissatou, ta shige gida da littafin.

Hajiya ta dafa sandarta ta miƙe. Ta nuna wayar da ke kafe a gaban fitila. "Wannan abin naka har yanzu yana ɗauka?"

"Yana ɗauka, Hajiya," in ji Mamadou.

"Mutanen Kano na ji?"

"Har na Abijan."

Ta matsa gaban wayar, ta gyara mayafi, ta kalli ƙwayar kyamarar kamar mai duba ƙwai a kasuwa.

"Salamu alaikum. Ni ce Kakar. Makullin ga shi, kofin yana ɗaka, naman kuma saura kaɗan, ba zan ba kowa ba. Yaron nan ya zo neman ya kafa gida da jikata. Kun ji shi da bakinsa ya ce kaka ta rusa gidansu. Duk yinin nan ƙarya yake zubawa, ban so ya tashi bai faɗi gaskiya ko ɗaya ba." Ta juyo ta dubi Abdel a durƙushe. "To ku shaida. Na rusa."

Ta shiga soro, ta kwance makullin soron da ke ɗaure tare da na sito a bakin zane, ta kulle ƙofar da hannunta.